Ruwan Ranar Alhamis

Litinin, 3 ga wata, 6:20 na safe

Sabon littafi. Na saye shi ne don in riƙa rubuta aikin da ya rage mini, ga shi tun shafin farko zan fara zuba surutu. Ba komai, babu mai karantawa.

Saura kwana goma sha takwas a rufe rahoton muhalli. Kowace shekara kamfaninmu na batir yana buga shi, shafi sittin mai sheƙi, a aika wa masu zuba jari su ga cewa ba ma ɓata ruwa, ba ma ɓata iska, har itatuwa muke dasawa. Shekara huɗu ke nan ni ce mai haɗa shi. Ni ce kuma mai sa hannu a ƙasan shafi na arba'in da ɗaya, shafin ruwa, wurin da aka rubuta "na duba, na tabbatar". Bana Oga ya fi kullum rawar jiki, don masu jarin sun ce ba za su shiga maganar faɗaɗa masana'antar ba sai sun turo tasu mai binciken ta duba rahoton da idonta.

Ƙaramar 'yata ta ɓatar da safa ɗaya, tana ihu kamar an yanka ta. Bari in je.

Litinin, 1:15 na rana

Rediyo, maƙwabciyar teburina (mun sa mata sunan ne don ba a kashe ta), ta kwashe safiya guda tana zaɓen hoton bango. Itace ɗaya ne fa, wanda ke gaban ofishin Oga, mai hoto ya ɗauke shi ta fuska huɗu. Ta ce, "Idan muka jera su za a ɗauka daji ne." Na yi dariya har da hawaye.

Talata, 4 ga wata, 4:50 na yamma

Takarda hamsin da biyu ce a fayil ɗin ruwa, kowane mako ɗaya. Baba Kwalba ne yake ɗebo ruwan daga bakin magudanar da ta fita ta bayan katangarmu, ya kai wani ɗakin gwaji a cikin gari, su auna yawan dalmar da ke ciki, su aiko da sakamako a ambulan. Sakatariya ta huda ta jefa a fayil. Babu mai karantawa. Wanda na gada a kujerar nan ma an ce na bara yake kwafewa ya ɗan taɓa lambobin. Ni kuwa da shegen taurin kaina sai na bi su ɗaya bayan ɗaya da rula a hannu.

Hamsin da ɗaya lafiya lau, duk suna ƙasa da iyakar da aka yarda. Ta mako na talatin da bakwai ce.

Ba zan rubuta lambar a nan ba. Na ɗauka idona ne, na cire tabarau na goge na mayar, tana nan daram. Sai na duba kwanan wata. Duk sauran ranar Litinin aka ɗebo su, ƙarfe takwas na safe. Ita kaɗai ce ranar Alhamis, ƙarfe biyu na rana.

Rediyo ta ce, "Ke, lafiya? Fuskarki ta yi wani iri." Na ce gajiya ce. Ban ma yi ƙarya ba.

Laraba, 5 ga wata, 6:05 na safe

Wataƙila kuskuren ɗakin gwaji ne. Ai suna kuskure. Kowa yana kuskure.

Laraba, 12:40 na rana

Na samu Baba Kwalba a rumfarsa kusa da get, yana wanke kwalabe a bokiti. Tsoho ne mai fara'a, kullum sai ya tsokane ni cewa na yi ƙiba. Yau da ya ga takardar a hannuna ko gaisuwar kirki bai amsa ba.

Na ce, "Baba, me ya sa kullum Litinin kake ɗiba?"

Ya ce, "Haka na tarar, 'yata. Haka aka rubuta a takardar aiki."

"To wannan fa, ta ranar Alhamis?"

"Babur ɗina ne ya lalace ran nan."

"Tun daga Litinin har Alhamis?"

"Bakaniken ne ya yi tafiya."

Kwalba ɗaya ya yi ta wankewa har na bar wurin, ina ƙirgawa, sau uku ya ɗauraye ta.

A hanyar komawa ofis ne abin ya faɗo mini, har na tsaya cak a tsakiyar farfajiya. Lahadi ba a aiki. Lahadi da yamma ake sakin ruwan burtsatse a wanke magudanar. Litinin ƙarfe takwas injina ba su gama ɗumama ba. Wato shekara huɗu ruwan wanki nake tabbatarwa, ina sa hannuna da kyakkyawan biro, ina jin kaina wata mai gaskiya. Innalillahi.

Akwai tafkin tacewa da ya kamata ruwan ya bi kafin ya fita. Na san mai kula da shi. Kowa ya sani.

Alhamis, 6 ga wata, 3:10 na yamma

Ban san me ya kai ni ba. Ƙarfe biyu na ce zan je kemis, na zaga ta bayan katanga.

Ruwan ba baƙi ba ne, ba ya ma wari sosai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ɗan fari-fari ne kawai, kamar an ɗauraye shinkafa. Yana gangarawa ya shiga lambuna, fangali bayan fangali, kore shar. Mata uku na gani suna ban ruwa da tsofaffin gwangwanayen fenti. Ɗaya da goyo a bayanta, ta durƙusa tana wanke latas a cikin ruwan.

Ta ga katin aikina a wuya ta washe baki. Ta ce, "Hajiya, ku ne masu ba mu ruwa! Ko rani namu ba ya ƙafewa, Allah ya saka." Ta ɗebo latas ta tura mini a leda, ta rantse ba za ta karɓi komai ba. Na karɓa, na yi godiya, wallahi har da murmushi na yi. A kwanar farko na jefa ledar a bola, na tsaya ina goge hannuna a jikin siket kamar mahaukaciya.

Juma'a, 7 ga wata, 5:55 na safe

To bari in rubuta, tunda gudun rubutawar bai hana komai ba. Yaya ne mai kula da tafkin. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ina da shekara goma sha ɗaya Baba ya rasu. Yaya ya ajiye karatunsa ya shiga wannan masana'antar yana ɗaukar kaya, ni kuma ya ce ko da wasa kada in fasa zuwa makaranta. Shi ya raka ni jarrabawa, ya zauna a rana a bakin get har na fito. Shi ya aurar da ni. Takardar neman aikin nan ma a aljihun rigarsa ta shigo ginin. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa ce masa "me ya sa ka yi kaza" ba, bakina bai san yadda ake furta wannan a gabansa ba.

Jiya na leƙa rajistar tafkin da suke aiko mana kwafinta. Kowace rana layi ɗaya: "Injin tacewa yana aiki." Gefe kuma sa hannunsa, wannan mai lanƙwasa a ƙarshe, irin wanda yake yi mini a katin sakamako ina yarinya. Har ranar Alhamis ɗin nan haka ya rubuta.

Asabar, 8 ga wata, 4:00 na yamma

Na ƙona abinci. Na zagi yarinya a kan cokali.

Lahadi, 9 ga wata, 6:30 na yamma

Mun je gidan Yaya. Na shirya maganar tun a mota, na jera ta tsaf: zan ce, "Yaya, akwai wata takarda da na gani."

Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Matarsa ta ja ni kicin ta ce, "Ki yi wa yayanki magana, ba ya cin abinci. Sai ya zauna ya zuba wa bango ido. Kuma ya hana ni sayen ganye a 'yar kasuwar bayan kamfaninku, wai in je can nesa. Na tambayi dalili ya yi mini tsawa, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba."

Ashe ya sani. Dama na san ya sani, amma jin abin a bakin wani daban ne.

Na fito na same shi a tsakar gida yana gyara wa ɗansa keke. Babbar 'yarsa tana gefe da littafi, wata mai zuwa za ta zana jarrabawa. Yara biyar. Ya ɗago ya ce, "Auta, ya aikin rahoto?" Ya kafe ni da ido, ban taɓa ganin tsoro a idon Yaya ba sai yau. Na ce, "Alhamdu lillahi, Yaya." Ya ce, "To madalla." Ya mayar da kai kan sarƙar keken. Shi ke nan duk abin da na iya.

Litinin, 10 ga wata, 2:20 na rana

Na kai wa Oga takardar. Na ce gara in kai da kaina kafin wani ya kai ni.

Oga ba ya rubutu, kowa ya san haka. Ba ya aika saƙo, ba ya sa hannu a komai sai gaisuwar shafin farko mai hotonsa. Idan yana son abu sai ya kira ka ya ba ka shayi. Ya ba ni shayi. Ya karanta takardar daga nesa, bai ko taɓa ta ba, ni na riƙe masa.

Ya ce, "Malama, kin fi ni sanin tsarin aikinmu. Me ya ce a kan ruwan da aka ɗebo ba a ranar da aka tsara ba?"

Na ce, "Ba ya shiga jadawali, yallaɓai. A cike gurbinsa da matsakaicin sauran makonnin, a yi bayani a ƙasan shafi."

"To kin gani. Ba ni na rubuta tsarin ba, kuma ba ƙarya za ki yi ba. Doka za ki bi."

Na ce, "Amma yallaɓai, mutanen bayan katanga..."

Ya ɗaga hannu a hankali. "Da jarin nan za a sayi sabon inji. Idan babu jarin, babu inji, babu ma kamfanin. Amma ke ce mai sa hannu, ba zan tilasta miki ba. Ki saka idan kina so. Abin da kawai nake jin tsoro, ranar da lambar nan ta fita, hukuma za ta zo, kuma rajistar tafki za su fara buɗewa. Ni ban taɓa ganin rajistar nan ba. Wanda ya rubuta inji yana aiki shi zai yi bayani a kotu." Ya kurɓi shayinsa. "Yayanki mutumin kirki ne. Shekara ashirin da shida, ko? Ki gaishe shi."

Ban san yadda na sauko daga benen ba. Na shiga banɗaki na amayar da shayin.

Talata, 11 ga wata, 11:00 na safe

Na buga lambar a gurbinta. Na goge. Na buga. Na goge.

Laraba, 12 ga wata, 7:15 na yamma

Na gaya wa Baban yara komai. Ya juya makullin mota a hannu, sannan ya ce, "Ki je ki tambayi Yaya mana. Ki zaunar da shi ki ce masa ga abin da kika gani."

Na hau shi da masifa. In ce masa me? In ce Yaya na kama ka kana ƙarya? In sa mutumin da ya raine ni ya sunkuyar da kai a gabana, ya roƙe ni in rufa masa asiri? Gara ƙasa ta tsage in shige. Ya ce to in ajiye aikin. Na ce idan na ajiye Rediyo za a ba wa biron, ita kuwa ko takardar cefane ka miƙa mata za ta sa hannu, sannan kowa ya tambayi dalilin tafiyata ana saura kwana tara.

Ya ce, "To me kike so in ce?"

Na ce, "Kada ka ce komai." Ya tashi ya fita. Shi ma bai yi laifin komai ba, bawan Allah.

Alhamis, 13 ga wata, 2:00 na rana

Alhamis ce. Ƙarfe biyu. Na tashi na rufe taga, alhali tagar ma ba ta kallon can.

Juma'a, 14 ga wata, 9:40 na safe

An taɓa mini durowa. Ni ina ajiye rula a hagu, na tarar da ita a dama. Takardar ba ta ciki, tana jakata tun Litinin, da ita nake shiga banɗaki.

Rumfar Baba Kwalba a kulle. Mai gadi ya ce an ba shi hutu. Wane irin hutu ana saura mako guda? Mai gadin ya daɗe yana gaishe ni, ya tambayi yara, ya tambayi maigida, ya tambayi Yaya. Wataƙila kullum haka yake yi ban taɓa lura ba. Yanzu ko tari aka yi a bayana sai gabana ya faɗi.

Rediyo ba ta yi mini surutu ba yau. Rediyo fa!

Lahadi, 16 ga wata, 5:10 na yamma

Ban je gidan Yaya ba. Na aika yara, na ce kaina ke ciwo. Sun dawo da alewa, sun ce Kawu ya tambaye ni sau biyu.

Yanzu haka ana can ana wanke magudana.

Litinin, 17 ga wata, 4:30 na yamma

Mai binciken ta iso. Na zaci wata zabgegiya zan gani, sai ga 'yar ƙaramar mata da takalmi maras tsini da jan biro a maƙale a wuyan riga. Kafin azahar Rediyo ta raɗa mata Mai Jan Biro. Ba ta sha shayin Oga ba, ruwanta ta zo da shi a gora.

Ta zauna kusa da ni muna bin shafuka. Ba ta ko kalli hoton itacen ba. Da muka zo shafin ruwa ta bi kwanakin da bakin biro ta ce, "Duk Litinin?"

Na ce, "Haka tsarin yake."

Ta ce, "Wa ya tsara?"

"Na tarar da shi."

Ta kalle ni ta saman tabarau, ni ma na kalle ta ta saman nawa. Ta ga gurbin mako na talatin da bakwai a buɗe, na ce ban gama shigarwa ba. Ta ce ranar Alhamis za ta zaɓi takarda goma daga fayil ta gwada da jadawalin. Da za ta tashi ta ajiye katinta a ƙarƙashin rulata, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Idan akwai abin da kike so in gani, ba sai a ofis ba."

Jakata tana jikin ƙafata a lokacin. Miƙa hannu kawai zan yi. Hannun ya ƙi.

Talata, 18 ga wata, 1:30 na rana

Na ce yau ko me za a yi sai na yi wa Yaya magana. Na sa hular kwano na bi ta bayan sito har na hango tafkin.

Yana tsaye a kan 'yar gadar ƙarfen da ke saman tafkin, ya dafa ƙugu da hannu ɗaya, irin tsayuwar Baba sak. Furfura ta cinye masa ƙeya, yaushe haka ta faru ban gani ba? Na tsaya ina hango shi a cikin kotu da wannan furfurar, ana karanta masa sa hannunsa ɗaya bayan ɗaya, matarsa a benci na baya, Oga kuwa yana ofis yana shan shayi. Ya juyo ya gan ni, ya ɗaga hannu. Na ɗaga masa, na nuna agogo kamar ina sauri, na juya.

Na tuna matar nan mai goyo. Kada a ce ban tuna ba, na tuna. Amma ita ban san ko sunanta ba, shi kuwa Yaya ne.

Laraba, 19 ga wata, 10:50 na safe

Na kai wa Oga takardar. Bai karɓa ba, ya nuna mini injin yayyanka takarda da haɓa, ni na zura ta da hannuna. Ko daƙiƙa uku ba ta yi ba. Ya ce ya riga ya yi magana da ɗakin gwajin, kada in damu da nasu kwafin. Hoton takardar da na ɗauka a waya ma na goge a kan bene, kada wani ya karɓi wayar.

Na dawo na buga matsakaici a gurbin. Lamba mai kyau, ta zauna cikin 'yan'uwanta ba ka ce baƙuwa ba ce. A ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe: "Ba a samu ɗiba bisa tsari ba a wannan mako."

Allah ka gani. Ba don kaina na yi ba.

Alhamis, 20 ga wata, 3:45 na yamma

Mai Jan Biro ta zaɓi goma, duk sun dace. Ta riga ta rufe fayil sai ta sake buɗewa ta ɗora biro a kan ƙaramin rubutun nan. Ta ce, "Me ya faru a wannan makon?"

Na ce, "Babur ɗin mai ɗiba ne ya lalace."

"Ba a ɗebo ba sam?"

"Ba a ɗebo ba."

Muryata ko rawa ba ta yi ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Oga ya ce ba ƙarya zan yi ba, doka zan bi. To ga ta na yi, da bakina, ba wanda ya sa ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi ɗan maki ja a gefen shafin. Ta ce, "Na gode da haɗin kai." Katinta na yaga shi huɗu na zuba a kwando.

Juma'a, 21 ga wata, 11:30 na safe

Na sa hannu. An raba lemo da kek. Oga ya ce a tafa mini, aka tafa.

Juma'a, 8:10 na dare

Yaya ya zo. Bai taɓa zuwa gidana ba tare da ya aiko ba. Na ji sallamarsa ina kicin, cokali ya faɗi daga hannuna.

Ya shigo da wata tsohuwar jaka a kafaɗa, fuskarsa a sake, har da tsokanar yara. Na kawo abinci, ya cinye ya ce a ƙaro. Baban yara ya kwashe yaran suka shiga ciki. Na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa kamar yadda na saba.

Ya ce, "Na ji an rufe rahoto. Na ji kin sa hannu."

Na ce, "E, Yaya."

Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. To yanzu zan iya gaya miki. Babur ɗin Baba Kwalba lafiyarsa ƙalau, Auta. Ni na roƙe shi ya zauna a gida ranar Litinin ɗin nan, ya zo Alhamis ƙarfe biyu, lokacin da nake buɗe ƙofar ruwa. Wata goma sha huɗu injin nan a mace. Sau uku ina rubuta takarda, Oga ya kira ni ya ce in daina rubuce-rubuce, in ci gaba da cika rajista yadda na saba, za a gyara. Na ci gaba. Kullum in rubuta ƙarya in sa hannu, in hau gadar ƙarfe in ga matan nan suna ɗiba. Sau biyu ina zuwa ƙofar hukuma in kasa shiga. Ni matsoraci ne, na sani."

Na ce, "Yaya..."

"Bari in gama. Sai na tuna akwai mutum ɗaya a ginin nan da take karanta kowace takarda. Na ce in dai ta shiga fayil, za ta shiga hannunki, in kuwa ta shiga hannunki ba mai ɓatar da ita. Wata huɗu ina jira. Da Baba Kwalba ya ce kin zo kina tambaya, ranar na san an gama. Ban yi miki maganar ba don kada a ce baki muka haɗa, abin ya shafe ki. Na ga yadda kike guduna, na san nauyin da na ɗora miki. Ki yafe mini."

Ya dafa jakar. Kayansa na wurin aiki ne, ya kwashe yau. Ya ce ya zaunar da matarsa ya gaya mata komai, ta yi kuka ta gama. Ya ga lauya. Ko kora ce ko ɗauri, ya shirya, in dai za a zo a rufe magudanar nan. Ya ce rabon da ya ji daɗin abinci kamar na yau ya manta.

Da zai tafi ya ɗora hannu a kaina, abin da rabonsa da yi tun ranar aurena. Ya ce, "Ban yi asarar tarbiyya ba. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. Na raka shi har bakin ƙofa, na riƙe masa jakar ya sa takalmi.

Asabar, 22 ga wata, 6:15 na safe

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Asabar, 9:05 na safe

Yaya ya kira. Yana tambaya yaushe rahoton zai fito daga wurin bugawa, in ajiye masa guda ɗaya, yana so ya ga shafin da idonsa.

Na ce Laraba.